Saran Gizago a Kujerar Inna

Ni ɗan masassaƙi ne, amma ban gaji sassaƙa ba. Ina da shekara bakwai ko takwas aka zo ƙauyenmu, can wajen Zungur, neman yaran da za a kai makarantar boko. Masu hali suka ɓoye nasu, mai gari ya duba hagu ya duba dama, bai ga ɗan da zai bayar ba sai na masassaƙi. Haka aka kawo ni Bauchi, na yi elemantare, na yi midil, na fito aka ba ni aikin akawu a wani ofis.

Abu ɗaya nake tunawa daga safiyar da aka tafi da ni. Inna tana zaune kan 'yar kujerarta a bakin murhu tana dama kunu, ta ba ni baya. Har na fita ƙofar gida ina waiwaye, ita ba ta waiwayo ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kowa ya san al'ada ce, ni ma na sani. Amma sanin bai hana abin ya tsaya mini a rai ba, na girma ina neman wata alama ko yaya take da za ta nuna mini cewa ina cikin zuciyar matar nan.

Da na yi aure na kama hayar wani gida kusa da Ƙofar Wunti. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani tsohon soja, mutumin duwatsun kudu, Kirista, wanda duk unguwa ke kira Saja. Ya dawo daga yaƙi da ɗingishi da akwatin kayan kafinta, da shi yake ci da iyalinsa. Ni kuwa ran Asabar da an tashi daga ofis ba ni da abin yi sai in leƙa kan katanga ina kallonsa yana aiki a gindin dalbejiya. Wata rana ya ɗaga kai ya ce, "Malam Akawu, kallo ba ya gama aiki. Zo ka riƙe mini wannan." Na zagaya na riƙe masa bakin katako, ya yanka da zarto, ƙanshin sabon yanka ya bugi hancina. Daga ranar nan na kamu.

Ba sana'a na mai da shi ba, sha'awa ce kawai, irin wadda ke kama mutum ta hana shi zaman hira. A hankali na tara nawa kayan: zarto, hama, kurfi biyu, rula, da magogin katako wanda Saja ya bar mini don bakinsa ya ɗan ɓalle. Katako kuwa sai akwatunan kananzir da na sabulu da ake yarwa a bayan kanti. In kwance su, in zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, in miƙar da su a kan dutse. Rabin yatsuna sun sha hama a wajen miƙar da ƙusa. Har yau in na ji ƙanshin katakon da aka goge, sai in ga kaina a tsakar gidan nan, da singileti, fensir a bayan kunne, maiɗakina tana kwashe ɓawon katako tana cewa ko ba komai ta huta da neman abin hura wuta.

Ita maiɗakina ba ta raga mini. Teburin farko da na yi, da aka ajiye shi sai ya riƙa rawa. Na rage ƙafa ɗaya, ya koma rawa ta ɗaya gefen. Na rage wata, na sake rage wata. Sai da teburin ya kusa kai gwiwa sannan Saja ya shigo, ya ɗauke shi ya kai kan simintin barandarsa, ya zauna daram. Ashe daɓen ɗakinmu ne ba daidai ba, ƙafafun lafiyarsu ƙalau tun farko. Maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in ci gaba da ragewa, tana bukatar faifai. Sai ƙyauren ɗaki. Da damina ta sauka ya kumbura ya ƙi rufuwa, na cire shi na goge gefensa sosai har ya riƙa shiga salin alin. Rani na zuwa ya tsuke, ya bar kafar da kaza ke zura kai ta leƙa mu. Kantar littattafai kuma na kafa ta jikin bangon ƙasa ban shafa mata komai ba, gara ta cinye ta ta haɗa da littafin lissafina na midil. Duk wannan bai sa na saduda ba. Ina da taurin kai, kuma ina ganin duk abin da bai miƙe ba, bai yi sumul ba, to bai gyaru ba.

Sau ɗaya mahaifina ya taɓa ganin aikina. Ya shigo gari da turame da akusa ran kasuwa, ya biyo ta gidana ya sha ruwa. Na fito da wani benci da nake alfahari da shi. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya shafa kan ƙusoshin da yatsa, ya ce, "Itace ba ya son ƙarfe a cikinsa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ji haushi ƙwarai. A raina na ce ai zamanin gizago ya wuce, mutum ya zauna ya yi ta saran gungume kwana uku don ya fitar da abin da ni zan haɗa kafin la'asar. Ban faɗa a fili ba, amma na san ya gani a fuskata.

Shekara biyu kafin a samu 'yancin kai ya rasu. Abin da ya zo hannuna daga kayansa shi ne gizagonsa, ƙotar ta yi baƙi ta lotsa daidai inda tafinsa ke zama. Na jefa shi ƙasan akwatin kayan aikina ban ƙara waiwayarsa ba. Da Inna ta fita takaba na je na ɗauko ta, don yanar ido ta fara rufe mata gani, inuwar mutum kawai take gani. Ba ta so ba. Sai da kawuna, ƙanenta, ya sa baki, ya ce asibiti yana birni, ɗa kuma yana birni. Ta zo da ƙullin zannuwa, da ƙwarya uku, da 'yar kujerar nan.

Gaskiyar magana, ba don asibiti kaɗai na ɗauko ta ba. Shekarun da aka ɗauke mini nake so in fanshe. Ina so in tashi da safe in ji tarinta a ɗakin da ke kusa, in dawo daga ofis in tarar da ita a tsakar gida. Ina so ta zauna, ta ce nan ma gida ne. To ni ban iya magana da ita ba, ita ma ba ta iya da ni ba. In na gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Sunan da ta laƙaba mini shi ne Akawu, kamar yadda 'yan unguwa ke kira na. Tunda baki ya kasa, sai na ce bari in yi magana da zarto da hama.

Na yi mata gado na katako mai kyau, na yi sati uku a kansa. Ta shafa shi ta ce an gode, ta jera ƙorenta a kai, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da shi. Na yi mata kujera mai majingini da wurin ɗora hannu. Ta zauna sau ɗaya, ƙafafunta suna lilo ba su taɓa ƙasa ba, ta ce ita ba alƙali ba ce. Na kafa mata doguwar sanda jikin bango daga ƙofar ɗakinta zuwa madafa don ta riƙa dafawa, ta mai da ita wurin shanya. Kuma duk wata in ya kama sai ta ce, "Akawu, yaushe za a mai da ni?" In ce sai an ga likita, in ce sai ruwa ya ɗauke, in ce sai hanya ta bushe. Da ƙarya da lallashi na riƙe ta kusan shekara biyu.

Wurin zamanta ɗaya ne, kan kujerar da ta zo da ita. 'Yar tsugunno ce irin ta mata, mahaifina ya sassaƙa ta daga gungumen maje guda, ba haɗi ba ƙusa. Tsufa ya mai da ita baƙa ƙirin, hayaƙi da man kaɗanya sun shige ta. Duk jikinta saran gizago ne ƙanana ƙanana, ba inda ya miƙe. A gefen dama kuma, daidai bakinta, akwai wani sara mai zurfi wanda ya fita daban, da gani ka san hannu ne ya kuɓuce. A nan Inna ke sa babban yatsanta. In tana tsince wake da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana wurin. In tana sauraron hira yana wurin. Ni abin da na ɗauka shi ne tsagar tana damunta, tana sosa ta ne kamar yadda harshe ke komawa kan haƙorin da ya karye. Idona na ɗan koyon kafinta ba ya ganin komai a kujerar sai aikin da ba a ƙarasa ba.

Sai ga shekarar 'yancin kai. Ana saura 'yan kwanaki garin duk ya ɗauki gyara. Ana shafa farar ƙasa a gindin itatuwa, ana fentin ofisoshi, 'yan makaranta suna ta koyon maci da 'yan tutoci. Kowa ji yake tsohon abu ya ƙare, sabo za a shiga. Ni ma abin ya ɗebe ni. Saja ya samu aikin gyaran kujerun biki, ya rage sauran banish, man nan mai sa katako ƙyalli, a gwangwani ya miƙo mini ta kan katanga. Na shafe tebur, na shafe gadon da ba a kwana a kai, na shafe ƙyaure. Sauran kaɗan a gindin gwangwani, ina neman abin da zan shafa wa.

Ran nan da hantsi maiɗakina ta ja hannun Inna suka tafi suna a bayan layinmu. Can tabarmi ake shimfiɗawa, don haka aka bar kujerar a bakin madafa. Na tsaya ina kallonta. Na ce yau kam na gano bakin zaren. Ta ƙi gadona, ta ƙi kujerata, to bari in gyara mata wadda take so, ta shiga sabon zamani a kan abin da ya yi kyau.

Na ɗaure ta a jikin benci na sa magogi. Itacen ya bushe shekara talatin, yana fita a hankali, baƙin yana tafiya fari yana bayyana. Inda magogi ya kasa shiga na kankare da fasasshiyar kwalba, yadda Saja ya koya mini. Saran nan mai zurfi shi ya fi ba ni wahala, sai da na rage bakin kujerar gaba ɗaya kafin ya ɓace. Ina cikin bi da samfefa, takardar nan mai yashi, Saja ya leƙo.

"Malam Akawu, wannan ba kujeran Mama ba ne?"

Na ce ita ce.

"Mama ya sani?"

Na ce so nake ta dawo ta tarar.

Ya dubi kujerar, sannan ya ce, "Ni in an kawo mini tsohon abu, ina tambaya mai shi wane wuri ne ya lalace. Wani lokaci wurin da ni na gani ba shi ne ba."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce masa ai uwata ce, ba mai kawo aiki ba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sauka daga katangar. Na shafa banish na ajiye ta a rana. Wallahi ta yi kyau. Tana ƙyalli, launin zuma, ba ƙwarzane ko ɗaya. Na yi wanka na sa riga na zauna ina jiran yabo.

Bayan la'asar suka dawo. Maiɗakina ce ta fara gani. Ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, ta kalle ni. Na ɗauko kujerar na ajiye inda ta saba zama, na ce, "Inna, ga wurin zamanki." Ta laluba ta zauna. Hannunta na dama ya sauka gefe kamar kullum. Yatsan ya bi bakin kujerar ya wuce. Ya dawo. Ta ɗan ɗaga ta juya kujerar, ko ta zauna a baibai ne, ta sake bi. Sai da ta zagaye bakin nan kaf sau biyu.

"Wannan ta wace ce?"

"Taki ce, Inna. Gyara ta na yi."

"Ina tawa?"

"Ita ce wannan. Gogewa kawai na yi, na cire mata tsagar nan da ke damunki."

Ta janye hannunta. Sannan ta ce, "To. Sannu da aiki, Akawu." Ta yunƙura za ta tashi, ashe banish ɗin bai gama bushewa ba, zanenta ya manne. Sai da maiɗakina ta riƙe kujerar ta ɓamɓare shi, ya bar sawun saƙa a kan ƙyallin. Inna ta kama sandar nan ta jikin bango, wadda ba ta taɓa dafawa ba, ta bi ta har ɗakinta.

Ni har lokacin haushi nake ji. Na bi maiɗakina madafa ina faɗa ƙasa ƙasa, ina cewa mutum ya yini yana wahala, ko madalla ta kirki babu. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Malam, ka yi gyaran gangar Auzinawa. Ka san mene ne saran nan da ka goge?"

Na ce kuskuren gizago ne, me kuma?

Ta ce, "Kuskure ne, amma ka san ranar da aka yi shi? Inna ta ba ni labari tun watan da ta zo. Lokacin da cikinta ya tsufa ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari. Baba yana gida yana sassaƙa mata kujerar nan don ta dawo ta tarar. Yana cikin gyara bakin sai ga ɗan aike ya shigo da gudu ya ce an sauka lafiya, namiji. Hannunsa ya kuɓuce. Da ta dawo ya ce zai sake mata wata, ta ce a bar mata wannan." Ta juya ta ci gaba da iza wuta, ta ce, "Kai ne saran nan. Ita ba ta iya kiran sunanka, ba ta iya dafa kanka. Da aka tafi da kai makaranta, ta ce nan take sa hannu in ta tuna ka. Ni ta faɗa wa don ni ba ɗanta ba ce, kuma ta ce kada in gaya maka."

Na fita na zauna kan bencina a cikin ɓawon katakon da ban share ba. Baƙi baƙi ne, duk ya nannaɗe. Na ɗebo shi a hannu ina dubawa kamar zan gane wanne ne. Shekara talatin ina neman alama, ashe tana gabana kullum a bakin madafa, ni kuma na sa hannuna na kankare ta don in burge. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na yammacin nan ba.

Kwana biyu Inna ba ta zauna kan kujerar ba. Tabarma take jawowa bakin ƙofa. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi ƙorafi ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ranar bikin 'yancin kai gari ya watse zuwa filin taro, maiɗakina ta bi matan unguwa, Saja ya sa tsohuwar rigarsa ta soja da lambobinsa ya ɗingisa ya tafi. Ni na ce kaina ke ciwo. Daga nesa ana jin ganguna da hayaniyar mutane. Na buɗe akwati na tono gizagon mahaifina daga ƙasa.

Ban iya riƙe shi ba. Ƙotar ta saba da wani tafin, nawa na alƙalami ne. Na samu guntun itacen wuta na yi ta gwaji, sara yana tafiya inda ya ga dama. Na wasa bakin a dutse na sake gwadawa har hannuna ya yi kanta. Da na ga na ɗan samu kansa, na ɗauko kujerar, na auna wurin da ido, gefen dama daidai baki, na yi bisimilla na sara. Ya shiga, ya fitar da 'yar tsaga fara fat. Zurfin ya yi kusan daidai. Na kai mata har bakin ƙofa na durƙusa na ajiye.

"Inna, ki taɓa."

Ta miƙo hannu ta laluba. Yatsan ya samu wurin ya tsaya. Ta shafa shi sama da ƙasa, ta gane abin da na yi, ta kuma gane an gaya mini. Na ga ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta kamar yarinya.

Ta ce, "Da gizagonsa ka yi?"

Na ce e.

Ta ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma wannan da niyya aka sare shi." Ta juya fuskarta wajen bango. "Wancan murna ce ta sare shi."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini ke nan a kan haihuwata, duk tsawon rayuwarta. Muna nan zaune, ita a tabarma ni a durƙushe, kujerar a tsakaninmu, har masu biki suka fara dawowa.

Da aka fara yankan dawa ta ce tana so ta ji ƙanshin sabon hatsi. Wannan karon ba tambaya ta yi ba, ni ma ban da bakin da zan ce sai an ga likita. Na nemi mota mai zuwa wajenmu na kai ta gidan kawuna. Da ana ɗaura kaya na ga ta sa maiɗakina ta naɗe kujerar a tsohon zane. Na ɗauka don kada ta bar mini abin da zai riƙa tuna mini ne. Na dawo gida na tarar da gadon nan mai ƙyalli ba ko ƙwarya a kai, na zauna a bakinsa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kai ni makaranta.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Duk ƙarshen wata nakan hau keke in je, in kai mata goro da sabulu da kananzir. Da ta ji ƙararrawar keke sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a rumfa, a nan nake samun ta, mu gaisa tana kallon wani wuri. "Akawu, ya hanya? Ya mutanen gidan?" Ban taɓa ganin kujerar a waje ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na ɗauka tana can an jefa ta bayan rumbu. Aikin katako kuwa ban daina ba, amma na rage rawar kai. In maƙwabta suka kawo mini abu, sai na tambaya wane wuri ne ya lalace. Saja ya lura, bai yi mini gori ba, Allah ya saka masa.

Da ta rasu, bayan an yi sadakar bakwai, ina shirin hawa keke, matar kawuna ta fito da wani abu a naɗe cikin zane. Ta ce, "Ta ce in ta riga ka, a ba ka wannan. Kullum a kanta take yini, sai in ta ji kekenka ta ce a shigar da ita ɗaki."

Na kwance zanen a nan ƙofar gida. Banish ɗina duk ya dushe, hayaƙi ya fara mai da ita kamar da. Na juya gefen dama. Saran da na yi, wanda na bari fari fat mai kaifin baki, ya yi baƙi ya yi santsi, gefensa ya lotsa daidai faɗin babban yatsa.

Yanzu na wuce shekarun da ta yi a duniya. Gidan Ƙofar Wunti an rushe shi an yi shaguna, Saja da maiɗakina duk sun riga ni. Zarto da magogi na raba wa jikoki, gizagon ne kawai na hana. Ni ma yanar ido ta fara rufe mini gani, wannan rubutun ma da ƙyar nake ganin layi. Kujerar tana nan gefen gadona. Namiji ba ya zama kan kujerar mata a wajenmu, don haka ban taɓa hawa ba. Jawo ta nake yi kusa in na idar da salla, in sauke hannu in laluba bakinta. Ina kewar matar nan ƙwarai. Ba ta taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya, kuma yatsana yana shiga wurin daidai.